Layi ɗaya da Baba Soja bai soke ba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau kwana 9 da muka raka kakana makwancinsa. Jama'ar da suka zo mana gaisuwa daga Garwa da Pitowa da Gider, da waɗanda suka tsallako daga Mubi da Yola, da masu kira a waya, Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

A ƙauyenmu ba mai kiran sunansa na yanka. Baba Soja kowa ke cewa, ko da yake ya tuɓe kaki fiye da shekara 50 da suka wuce. A kasuwar Lahadi ta Pitowa kuwa Alhaji mai albasa suka sani. Sa'o'insa, waɗanda duk suka riga shi tafiya, da noma suka san shi, mutumin da ke shiga gona da asuba ba ya ɗagowa sai rana ta take. Ya haura shekara 85 a duniya. Manzon Allah (SAW) ya ce shekarun al'ummarsa tsakanin 60 ne zuwa 70, kaɗan ne ke wuce haka. Kakana yana cikin kaɗan ɗin.

Na karanta abin da kuka yi ta rubutawa a ƙarƙashin hotonsa a Facebook. Wani ya ce mutum ne da ko ƙuda bai taɓa cuta ba. Na gode da kyakkyawan zato, amma da yana ji da ya girgiza kai. Ya cuci mutane. Ya san ya cuce su, kuma shekara 30 na ƙarshen rayuwarsa wajen bin sawunsu ya ƙarar da su. Na san an hana mu zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar, ni ma ba zagi ya kawo ni ba. Shi ya sa ni alkawari, hannunsa cikin nawa: "Abokina, in na tafi ka ba yara labarin littafin nan nawa. Kada ka shafa mini mai." Abokina yake ce mini tun ina rarrafe, irin na kaka da jika.

Da gona ya buɗe ido. Fataucin goro ne ya kawo kakanninsa ƙasar Binuwai ta Arewacin Kamaru, suka nemi fili wajen jauro, wato mai gari, suka zauna cikin Fulani har Fulatanci ya kama bakinsu. Da damina gero da gyaɗa. In ruwa ya janye kuma a dasa dawar masakwa, wadda Fulani ke kira muskuwari, a baƙar lakar nan ta karal, ba ta jiran ruwan sama, damshin ƙasa ya ishe ta har a girbe cikin sanyi. Yakan ba mu labarin jiragen ruwa da ke hawo kogi daga Najeriya in ruwa ya cika, su tsaya a tashar Garwa, samari su yi ta dakon buhunan gyaɗa da dilolin auduga. Kuɗinsa na farko a can ya same su. Yaran yanzu in ka nuna musu wurin ka ce nan jirgi ke tsayawa, sai su ɗauka tatsuniya kake yi.

A 1960, shekarar da Kamaru ta sami 'yancin kai, Ahmadu Ahijo ɗan Garwa na riƙe da ƙasa, aka buɗe ɗaukar soja. Bai gaya wa mahaifiyarsa ba sai da aka aske masa kai. Aka tura su Yamma, ƙasar Bamileke, inda wutar tawayen 'yan jam'iyyar UPC ke ci, waɗanda ake ce wa makiza. Duwatsu, hazo, sanyi, ruwa ba ƙaƙƙautawa, gonakin ayaba da kofi, ga harshen da bai ji ko kalma. Duk wanda ya san tarihin lokacin ya san an ƙone ƙauyuka, an kwashe mutane daga gidajensu an tara su wuri guda, rayuka masu yawa sun salwanta, kuma ƙurar ba ta lafa ba sai wajen 1971 da aka harbe jagoran 'yan tawayen na ƙarshe a Bafusam. Tsofaffin sojoji da yawa suna son ba da labarin bakin daga. Kakana in aka ɗauko zancen sai ya ɗauki butarsa ya tashi.

Ya dawo gida da ɗan kuɗin sallama da tabo a ƙauri, ya tarar da farin 1973. Ya koma gona duk da haka. A 1974 aka kafa kamfanin auduga na SODECOTON, ya shiga noman auduga kamar kowa, a ba ka taki da magani bashi, ranar awo a cire. A shekarar ce kuma jirgin ƙasa ya iso Gaundare, hanyar Kudu ta buɗe, jinin fatauci ya motsa. Ya fara da 'yan buhunan albasa, ya bi mota zuwa Gaundare, ya loda a jirgi zuwa Yawunde, ya sauka wajen 'yan'uwa a unguwar Birketiri, ya dawo da goro da manja da atamfa. Kafin shekara 10 ya yi shago, ya yi sito, ya sayi gingimari. Da aka gama madatsar Lagdo a 1982, ambaliyar da ke jiƙa karal duk shekara ta ragu, masakwa ta ja baya a kwarin Binuwai, manoma da dama suka rasa abin da ke riƙe su da rani. Shi bai ji a jikinsa ba, ya riga ya yi ƙarfi.

Sai daminar 1984 ta ƙi.

Mai yawo ne, ya ga alama tun kafin kowa ya farga. Ya bi kasuwanni yana sayen dawa da masara, ya cika sito, ya garƙama kwaɗo, ya zauna jira. Ya jira har bazara ta yi, rumbuna suka yi wayam, mata suka shiga tafasa ganye. A lokacin ne maƙwabcinsa, abokin ƙuruciyarsa da gonakinsu ke iyaka, ya yi sallama da dare, don kunyar idon mutane, ya roƙi buhu ɗaya bashi zuwa kaka. Kakana ya ce bana ba ya ba da bashi, amma in zai sayar da shanun huɗarsa yana so. Aka yi ciniki, shanu biyu a bakin buhu uku. Mutumin nan bai sake miƙewa ba. Ya koma ƙodago a gonakin mutane, daga baya ya kwashi iyalinsa ya tafi bakin tafkin Lagdo yana yi wa masunta aiki, a can ajali ya same shi.

'Yan'uwa, ku tsaya nan ku duba da kyau, domin nan ne ya fi ba ni tsoro. Da an kai maganar gaban alƙali ba abin da za a kama. An taya, an sallama, an tafa hannu, akwai shaidu. A shekarar nan kakana a sahun gaba yake salla, ya fitar da zakka, kowa na Alhaji kaza Alhaji kaza tun kafin ya je Makka. Amma Manzon Allah (SAW) ya ce babu mai ɓoye abinci don ya yi tsada face mai saɓo, hadisin yana cikin Muslim. Yunwa ce ta sa hannu a cinikin nan a madadin mai shanun. Mu da muke sayen gonar mutum ko babur ɗinsa a ranar da matarsa ke kwance asibiti, muna cewa mun yi tsintuwa, mu auna kanmu da wannan mudun.

Shekara 9 ya yi bai waiwayi abin ba. A 1993 aka zaftare albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu, alhali galibin masu ɗaukar kaya a shagonsa malaman makaranta ne da 'yan ofis masu biya ƙarshen wata. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. Gingimarinsa ta lalace a hawan dutsen Gaundare, kayan gyara suka gagare shi, albasa ta ruɓe a cikinta. Cikin 'yan makonni mutumin da ake zuwa ƙofarsa roƙo ya koma ana zuwa ƙofarsa bin bashi.

Wata guda bayan haka azumi ya kama. Ya je tafsiri ya zauna can baya, shi da ya saba zama kusa da malam. Ranar malam ya kawo hadisin da Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai ko sun san wane ne muflisi. Suka ce wanda ba shi da dirhami, ba shi da kaya. Malam ya fassara kalmar da Hausa ya ce, wanda ya karye. Kakana ya ce ji ya yi kamar sunansa aka kira a tsakiyar masallaci. Malam ya ci gaba: wanda ya karye a al'ummata shi ne wanda zai zo ranar Alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya yi wa wannan ƙazafi, ya ci dukiyar wannan, ya zubar da jinin wannan, ya doki wannan. Sai a ɗiba daga ladansa a ba wannan, a ba wancan. In ladan ya ƙare ba a gama biya ba, a kwaso zunubansu a jibga masa, sannan a jefa shi wuta.

"Abokina, ni ɗan kasuwa ne," in ji shi. "Na san yadda masu bin bashi ke yin layi a ƙofar wanda ya karye, na gan su a tawa ƙofar. Sai na ce, to ina ga ranar da ba a karɓar sefa?"

Washegari ya sayi littafin 'yan makaranta mai layi-layi, wanda muke ce wa kaye. Kowane ɗan kasuwa yana da littafin waɗanda yake bi. Shi na waɗanda ke bin sa ya buɗe, da ajami, har da waɗanda su kansu ba su san suna bin sa ba. Ɗan dakon da ya rage wa lada. Matar da ya sa wa ruɓaɓɓiyar albasa a gindin buhu. Audugar da ya taɓa yayyafa wa ruwa kafin awo. Kunya biyu na gonar ƙanwarsa da garmarsa ta yi ta lasa shekara da shekaru. Wancan tsohon littafin na ma'aikata kuwa ya ajiye shi gefe, wanda ya kawo ya karɓa, wanda ya kasa ya yafe, yana cewa Allah Ya ce a aya ta 280 ta Baƙara a yi wa mai ƙunci jinkiri, yafewa kuma ta fi alheri.

Ba shi da ko dala lokacin da ya fara. Ya koma gona da fartanya yana ɗan shekara 55, furfura a gemu. Duk kaka, bayan ya fitar da ushiri ya ware na gida, sai ya ɗauki suna ɗaya ko biyu ya tafi nema. Wani ya same shi, wani sai magadansa. Wani ya yi dariya ya ce Alhaji ai na manta, wani ya karɓa ya ƙara da baƙar magana. In an biya an yafe, sai ya soke layin da jan biro.

Na maƙwabcin nan shekara 4 yana tari. Ya sayi shanun huɗa biyu, ya kora su har bakin Lagdo, ya sami babban ɗan marigayin yana gyaran koma. Saurayin ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Baba, ubana da baƙin cikinka ya mutu. Shanu za su tashe shi?" Kakana ya tsuguna a gaban yaron da bai wuce sa'an ɗansa ba, bai kare kansa da kalma ɗaya ba. Ya ɗaure shanun a turke ya juyo. Bai soke layin ba, domin an karɓi dukiya ba a ce an yafe ba. Sai bayan shekara 2, ranar wata Babbar Salla, mutumin ya yi sallama a ƙofar gidanmu da busasshen kifi a ƙunshe, ya ce ya zo gaida Baba. Waɗanda suka halarci jana'iza sun ga wani dattijo da ya shiga kabari tare da kawunnaina ya karɓi gawar. Shi ne.

Da yana ta rufe masa ido, ni na koma mai karanta masa kayen. Shafuka duk ja, an soke, an soke. Layi ɗaya ne ya rage, kuma shi ne na farko a shafin farko: "Tsohuwa mai akuya, ƙasar Bamileke."

Na tambaye shi. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ba ni labari. Sun shiga wani ƙauye da sassafe, maza duk sun gudu daji, su kuma kwana biyu ba su ci abin kirki ba. Ya ga akuya ɗaure a bayan wata bukka, ya kwance. Wata tsohuwa ta fito ta kama igiyar ta ƙi saki. Ya ja, ta ja. Ya sa gindin bindiga ya doke mata hannu, ya ji ƙarar ƙashi. Ta faɗi zaune, ba ta yi kuka ba, ta ɗaga ɗaya hannun ta nuna sama, tana faɗin wata magana da harshensu. Suka yanka akuyar suka ci. Ya ce daga ranar da ya ji hadisin nan, bai ƙara ɗaga hannu yana addu'a ba sai ya ga yatsan tsohuwar ya riga nasa sama.

Ba musulma ba ce a zatonsa, kuma wannan bai rage masa komai ba. Da Annabi (SAW) zai aiki Mu'azu Yaman, zuwa ga mutanen da ba su musulunta ba tukuna, cewa ya yi ka ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, domin babu shamaki tsakaninta da Allah. Ina so matasanmu su riƙe wannan, musamman masu ganin kuɗin wanda ba addininsu ɗaya ba ko ba yarensu ɗaya ba kamar ganima ne. Da 'yan'uwanmu masu ɗamara, soja da jandarma da ɗan sanda, waɗanda muke yi wa addu'a kullum saboda abin da suke fuskanta a iyakar Arewa Mai Nisa: kaki ana tuɓe shi, abin da hannu ya karɓa a shingen hanya yana nan a rubuce.

Ya koma neman ta sau ɗaya. Ya hau jirgi daga Gaundare zuwa Yawunde, ya shiga mota zuwa Bafusam, ya yi mako yana yawo a kan duwatsun nan da wani ɗan kasuwa da ke yi masa tafinta. Wuri ya canza, inda yake zaton bukkoki ne ya tarar da gidajen kwano da gonaki. Tsohuwar da ta riga ta tsufa tun 1961, ina zai gan ta, ga shi ko sunanta bai sani ba balle na 'ya'yanta. Ya dawo ya kai wa malaminsa maganar. Malam ya ce wanda ya nemi mai haƙƙi da magadansa ya rasa, sai ya fitar da ƙimar abin ya ba mabuƙata, ya yawaita tuba da aikin alheri. Tun daga nan duk shekara sai ya sayi akuya ya sa an nemo masa wata gwauruwa ko marayu daga cikin mutanen Yamma mazauna Garwa, a kai musu ba tare da an faɗi daga ina ba. Na ce masa, Kaka, ai ka biya akuyar nan ta fi sau 20, ka bari in soke. Ya riƙe mini hannu. "Akuya na biya, abokina. Hannun fa?"

Wannan ne ya sa na ce ba zan yi shiru ba. Shi ya makara da tsohuwa ɗaya, kuma kun ji yadda ta hana shi barci. Mu namu masu haƙƙin suna raye. Lambarsu na cikin wayarmu, wasu ma mun toshe su don kada su kira. Kuɗin adashin da aka ɗauka aka daina zubi, jarin da aboki ya bayar aka ce an yi asara alhali an gina ɗaki, ladan ɗan babur da aka ce za a turo ta Orange Money har yau, gadon 'yan'uwa mata da yayyensu maza suka zauna a kai suna cewa gona ba ta rabuwa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Wanda ya yi shahada ana gafarta masa komai ban da bashi. An taɓa kawo gawa gaban Annabi (SAW) ya ƙi yi mata salla saboda bashi, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Kuma ya ce duk wanda ya san ya zalunci ɗan'uwansa a mutunci ko wani abu, ya nemi warwarewa yau, tun kafin ranar da babu dinari babu dirhami. Yau ya ce. Kakana ya sami shekara 30 na biya bayan ya farka, wane ne a cikinmu aka ba takardar zai sami ko 3?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda muke yi in an yi mana mutuwa. A kafa rumfa, a yanka sa, a dafa shinkafa ranar uku da bakwai da arba'in, a buga hoton mamaci a riga, mai bin sa jaka 20 kuwa yana zaune a gefen tabarma yana jin nauyin buɗe baki. Alhali a Suratun Nisa'i Allah Ya yi ta maimaita cewa rabon gado sai bayan wasiyya ko bashi.

Daren da zai cika ya farka wajen ƙarfe 3, ya ce in ɗauko kaye in karanta masa daga farko. Na karanta, sunan da aka soke in ce an soke, shi kuma ya ce Alhamdu lillahi. Da na gama ya ce in koma layin farko. Na sake karantawa. Ya ce, "Ya Allah, Ka san ta, Ka san inda take. Ka biya ta daga taskarKa, ni ba ni da abin da zai ishe ta." Ya yi ta maimaita kalmar shahada har aka kira assalatu.

Iyali sun zauna sun yanke cewa ba za a taɓa gado ba sai bayan wata 3. Duk wanda ya san yana bin Baba Soja wani abu, kuɗi ko hatsi ko wata magana da ta taɓa ɓata masa rai, a Pitowa ne ko Gaundare ko Yawunde ko Mubi, don Allah ya zo gida ko ya aiko, ba za a nemi shaida ba. Ku taimaka ku yaɗa, wataƙila ta kai kunnen wanda ba mu sani ba. Akuyar bana kuma mun riga mun saya, tana ɗaure a gindin darbejiyar ƙofar gida, ranar Juma'a in Allah Ya kai mu zan kai ta Garwa.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa mai akuyar nan ta yafe masa.